Wane Irin Zaren Fim Ya Kamata Mai Tara Tsofaffin Katun Ya Saya?

Duk wanda ya ƙuduri aniyar tara gajerun finafinan katun na zamanin da a kan zaren fim, zai tarar da zaɓi huɗu a gabansa: mai faɗin milimita 16 da kamfanin Kodak ya fito da shi a 1923, da mai 9.5 na kamfanin Pathé na Faransa daga 1922, da mai 8 na 1932, sai kuma Super 8 na 1965, wato sabon samfurin mai 8. Kowanne da irin majiginsa, don haka wannan zaɓi na farko shi zai yanke yawan kuɗin da za a kashe nan gaba.

Mai milimita 9.5, wanda hujinsa ke tsakiyar zaren, ya fi yawa a Faransa da Ingila, kuma samun kayan gyaran majiginsa abu ne mai wuya, saboda haka ban ba sabon shiga shawararsa ba. Mai 8 na farko yana da araha, domin kamfanin Castle Films na Amurka ya sayar da katun ɗin mai shirya katun Walter Lantz masu yawa a kansa, amma galibinsu baƙi da fari ne marasa sauti, kuma faifan ƙafa 50 gutsuren fim kawai yake ɗauka, na minti uku zuwa huɗu.

Gasar ta gaskiya tana tsakanin 16 da Super 8. Mai 16 shi ne wanda motocin majigi suka riƙa haskawa a filayen garuruwan Arewa. Hotonsa ya fi kaifi, yana cika babban allo ba tare da ya dushe ba, sai dai faifan da majigin duka suna da nauyi da tsada. Super 8 ya fi sauƙin ajiya, kuma faifan ƙafa 200 yana ɗaukar cikakken katun na minti bakwai tare da sauti a kan siririn layin maganaɗisu da ke gefen zaren. A ganina shi ya fi dacewa da ɗakin gida.

To amma faɗin zare ba shi ne ke ceton kuɗin mai saye ba. Irin zaren da aka buga hoton a kai shi ne magana. Yawancin kwafin launi na shekarun 1960 da 1970 an yi su a kan Eastmancolor, zaren launi na Kodak, wanda shuɗinsa ke gushewa da farko, har sararin sama da ciyawa su koma ja-ja, alhali katun launi ne rayuwarsa. A 1982 Kodak ya fito da zaren da ba ya saurin koɗewa, kuma ana iya ganin haruffan LPP a gefensa idan an ɗaga shi a haske da tabarau mai ƙara girma. A ɓangaren 16, kwafin Technicolor na asali da na Kodachrome, wasu hanyoyi biyu na buga launi, suna riƙe launinsu shekaru da dama, shi ya sa farashinsu ke tashi. A ɓangaren Super 8 kuwa, katun ɗin Disney da kamfanin Derann na garin Dudley a Ingila ya buga a shekarun 1990 suna daga cikin waɗanda aka fi nema, musamman tun da kamfanin ya rufe a 2011.

Abu na biyu shi ne jikin zaren, wato irin robar da aka yi shi da ita: asitet ko foliyesta. Na asitet yana ruɓewa idan zafi da laima suka haɗu, sai ya fara fitar da wari mai tsami, ya tsuke, ya lanƙwashe, har haƙoran majigi su yayyaga hujinsa. Wannan ciwo ba ya warkewa, kuma tsamin yana hanzarta lalacewar faifan da ke kusa da shi. Zaren foliyesta ba ya wannan ruɓewar, kuma ga mai zama a Kano ko Maraɗi, inda zafin bazara ke gasa ɗaki kafin damina ta kawo laima, wannan dalili kaɗai ya isa a fifita shi. A tambayi mai sayarwa ko ya buɗe gwangwanin ya sansana, a kuma nemi hoton ainihin zaren, ba na kwalin ba, domin kwali mai kyau yakan ɓoye jan fim mai tarin haɗe-haɗe da karce-karce.

Dangane da majigi, na Elmo da Eumig sun yi suna a Super 8, na Eiki da Bell & Howell kuma a 16. Wanda aka ƙera domin Amurka yana aiki da wuta mai ƙarfin volt 110 zuwa 120 ne, don haka sai an haɗa shi da taransifoma kafin a jona shi da tamu ta 220 zuwa 240. Kafin a biya kuɗi a tabbatar bel ɗinsa bai narke ba, kuma har yanzu ana samun irin ƙwan fitilarsa a kasuwa, sannan a fara gwada shi da faifai mai araha kafin a ɗora masa mai tsada.