Ajin Turanci na dare a bayan Wunti: wata biyu na yi, ga abin da na gani

Ni ne sakataren ƙungiyarmu ta 'yan hatsi a kasuwar Muda Lawal da ke Bauchi, kuma duk takardar da ta zo da Turanci ni ake miƙa wa. Wata rana aka aiko mana da wasiƙa mai cewa kada mu yi "preempt" ɗin kwamitin rabon rumfuna. Na duba a waya, fassarar ta ƙara rikita ni. Abin da ya kai ni ajin nan ke nan, naira dubu biyar a wata, Litinin zuwa Laraba bayan Isha'i.

Malamin ya iya aikinsa. Da na nuna masa kalmar, sai ya tambaye ni ko na karanta babin shuf'a a makarantar zaure, wato haƙƙin abokin tarayya ya karɓi kason ɗan'uwansa a gona ko gida kafin bare. Ya ce asalinta ke nan: daga Latin take, "saye kafin wani". Har Amurka ta yi doka a 1841 da ta ba wanda ya riga ya zauna a filin gwamnati damar sayen eka 160 kafin a sa shi a kasuwa.

Daga nan ma'anar ta yi rassa. Wani lokaci rigakafi ce, ka toshe ɓaraka tun ba ta buɗe ba. A bakin soja, kai farmaki ne kafin abokin gaba ya kawo nasa. Amma a wasiƙarmu, in ji shi, cewa ake kada mu riga malam masallaci. Nan na yi dariya, don kuwa shugabanmu ya riga ya yi wa mutum uku alkawarin rumfa.

Inda ajin ya gaza: mu kusan talatin ne a ɗaki ɗaya, fanka guda, in an ɗauke wuta sai fitilar waya. Malamin kuma ba ya son a katse shi, tambaya sai an tashi, ga masu Keke Napep sun fara wuya a lokacin. Rubutu ma kaɗan ake ba mu, alhali shi na fi buƙata.

Mai shirin jarrabawa ya nemi wani wuri. Ni dai na biya kuɗin wata na uku.