Kafin ka sa hannu kan manhajar asibiti: Bahmni, Helium, OpenEMR ko ta "yaron nan da ya iya kwamfuta"?

Wannan rubutun naku ne masu asibiti da shugabannin asibitoci, MD ne ko CMD, wato likitan da ke shugabantar asibiti, ko shugaban gudanarwa, duk wanda dai in an kawo takardar kwangila shi ke sa hannu. Yanzu da wuya sati ya wuce wani bai shigo ofis da laftof a hammata ba yana cewa zai raba ku da kati da folda, komai ya koma kwamfuta tun daga rajista har famasi. Kuma abin ba laifi ba ne, lokacinsa ya yi, tunda dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa (NHIA) ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya, duk mai hulɗa da kamfanonin inshorar lafiya (HMO) ko hukumar taimakekeniyar lafiya ta Kano (KSCHMA) ya san wahalar haɗa takardun neman biya da hannu a ƙarshen wata. Abin da ke ɓata min rai shi ne yawancin shugabannin sai su tura mutumin wajen yaron kwamfuta, su koma duba marasa lafiya, alhali wannan shawara ce da za ta ɗaure asibitin shekara da shekaru.

Ni ma'aunina biyu ne kawai, sauran duk ado ne. In sabis ya ɗauke, tana aiki? In muka ɓata da mai ita, bayanan marasa lafiyarmu a hannun wa suke?

Bari mu fara sallamar manya. Epic ta Amurka da Cerner wadda Oracle ya saya a 2022 kan dala biliyan 28 da ɗoriya, waɗannan ba namu ba ne. Asibitocin jami'ar Kambirij a Ingila da suka ɗora Epic a 2014 shirin nasu na fam miliyan 200 ne. Kai mai gado 40 kana lissafin man janareta, sayen tirela ne don kai yara makaranta, mu wuce.

Sai masu aiki ta intanet, wato kilawud, bayanan suna can a kwamfutocin kamfani kai kuma kana biyan kuɗi wata-wata ko shekara-shekara. Wanda ya fi suna a Najeriya shi ne Helium Health na Legas, tun 2016 suke, kamfani ne na gaske mai ofis da ma'aikata da masu zuba jari, ba sai ka sayi babbar kwamfuta ko ka nemi mai kula da ita ba, in kana tsakiyar Abuja ko Kano da intanet mai ƙarfi har layi biyu za ka iya jin daɗinsu. Amma ni duk tsarin da rayuwarsa ke rataye da sabis gabana faɗuwa yake. A Satumban 2021 an rufe layukan waya a Zamfara gaba ɗaya saboda matsalar tsaro, daga baya aka taɓa wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, kuma ba kwana ɗaya ko biyu ba. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna sai da suka ji a jikinsu. Don haka kowane kamfanin kilawud ya zo maka, ka ce a zare intanet a gabanka a yi wa mutum rajista a rubuta masa magani a ba shi rasit, sannan a nuna maka a rubuce yadda za ka kwashi bayananka ranar da ka ce ka daina. Ka kuma duba ko farashin a naira yake ko an ɗaura shi da dala, domin dalar da take wajen naira 460 kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a cikin 2024.

OpenEMR kyauta ce kuma ta daɗe, sai dai an gina ta ne kan tsarin asibitin shan magani na Amurka da inshorarsu, ga ƙaramin kilinik ba laifi, ga asibiti mai kwanciya da lab da sito za ka sha gyara. GNU Health ma kyauta ce, amma samun wanda ya iya ta a kusa da kai shi ne aikin.

To yanzu ga wadda nake so, kuma ba zan ɓoye ba, Bahmni.

Asalinta daga Indiya ne. Kamfanin ThoughtWorks ne ya gina ta tare da wani asibitin karkara mai suna Jan Swasthya Sahyog a jihar Chhattisgarh, wurin da talakawa ke cika layi tun asuba, wuta ba tabbas, intanet ba tabbas, likita ɗaya mutane rututu. Wato waɗanda suka tsara ta sun san irin halin da muke ciki, ba daga ofis mai sanyi suka zauna suka yi hasashe ba. Kuma ba manhaja ɗaya ba ce, guda-guda aka ɗauko waɗanda suka riga suka yi suna aka ɗinke su. OpenMRS ce ke riƙe tarihin mara lafiya, OpenELIS ke kula da lab, Odoo ke kula da kuɗi da sito da famasi, akwai kuma ɓangaren ajiye hotunan esre. Yadda abin yake a aikace, mutum ya zo rajista an ba shi lamba ɗaya, nas ta ɗau awon jini da zafin jiki ta shigar, likita ya buɗe ya gani ya tura gwaji, kafin mutumin ya taka zuwa lab sunansa ya riga shi, a wajen kashiya kuɗin gwajin ya fito da kansa ba mai ƙarawa ba mai ragewa, sakamako in ya fita ya koma gaban likita ba sai an aiki ɗan rakiya da 'yar takarda ba, maganin da aka bayar kuma ya ragu a lissafin sito nan take.

Abin da ya fi burge ni, kana iya ɗora ta a kan kwamfuta ɗaya mai ƙarfi a cikin asibitinka, ka ja waya ko ka sa wayfay na cikin gida, kowa ya shiga ta burauza daga laftof ko tablet. Ko an rufe sabis na wata guda aiki na tafiya matuƙar akwai wuta, wuta kuwa inbata da batir da 'yan falayen sola sun ishi wannan kwamfutar da na'urorin raba layi. Bayanan suna cikin MySQL da PostgreSQL, rumbunan da duk wani mai ilimin kwamfuta na ƙwarai ya sani, in wanda ya ɗora maka ya yi fushi ya tafi wani zai iya ɗorawa daga inda ya tsaya. Ba kuɗin lasisi, ba a ƙirga maka yawan ma'aikatan da ke shiga. Ga wani abu da ba kowa ya lura da shi ba, ita OpenMRS ɗin ba baƙuwa ba ce a nan. Tun 2004 cibiyar Regenstrief ta Amurka da ƙungiyar Partners In Health suka faro ta, ta fara aiki a Eldoret ta Kenya, kuma NigeriaMRS da ake amfani da ita a sassan kula da masu cutar HIV a asibitocinmu a kanta aka gina, ma'ana akwai matasa a arewa da suka yi aiki da ƙungiyoyin tallafi waɗanda sun riga sun san cikinta. Ko ƙungiyar likitoci ta MSF tana amfani da Bahmni a wasu ayyukanta.

Kyauta ce fa amma ba ta banza ba. Za ka sayi kwamfutar da za ta ɗauke ta, za ka biya wanda zai tsara fom-fom ɗin asibitinka da jerin magunguna da farashi, za ka biya horaswa, kuma ɓangaren neman biya daga HMO da NHIA ba a shirye yake zuwa ba sai an zauna an tsara shi a cikin Odoo, nan ne ake ɗan jan lokaci. Waɗanda suka iya ta sosai ba su da yawa, sai ka tona. Duk da haka kuɗin da ka kashe a kan kayanka ka kashe.

Sai na ƙarshe, wanda ya fi kowanne yawa a garuruwanmu, wato manhajar da wani ya rubuta da kansa. A nan ne na ga abin da ya ishe ni. A wani asibiti da na yi aikin gudanarwa, wani matashi ne mai fara'a ya haɗa mana, da farko komai lafiya, da aka cika ta da tarihin dubban mutane sai ga takardar ƙarin kuɗin shekara, da aka ce a zauna a yi magana sai wayarsa ta daina shiga, ashe ya sa mata ranar da za ta kulle kanta. Da safe masu ciwon suga da hawan jini suna zaune a benci likita bai san me aka ba su wancan watan ba, kalmar sirrin rumbun kuma shi kaɗai ya sani. Sai da aka biya. Ko da aka biya ɗin, da aka nemi bayanan don a ƙaura, abin da ya miƙo tarin PDF ne wanda ba wata manhaja da za ta iya haɗiya. Akwai yara masu amana da basira, ban musa ba, amma mutum ɗaya yana iya samun aiki a waje, yana iya rashin lafiya, yana iya mutuwa.

Don Allah ku kula da waɗannan, domin cuwa-cuwar da ke cikin harkar nan ta fi ƙarfin lissafi. Akwai masu sauke OpenEMR ko Bahmni ɗin nan kyauta, su goge sunan su manna tambarinsu su canza launi, su zo su ce su suka ƙirƙira, su sayar maka da lasisi na miliyoyi. Karɓar kuɗin ɗorawa da kulawa halal ne, ƙaryar ce matsala, kuma wanda ya yi maka ƙarya a ranar farko ka san sauran. Ka tambaye shi kai tsaye a kan me aka gina ta, ka sa ya rubuta amsar a kwangila. Akwai masu nuna maka DHIS2 su ce ai ita gwamnati ke amfani da ita. Gaskiya ne gwamnati na amfani da ita, jami'ar Oslo ce ta gina ta, amma aikin da aka fi saninta da shi a nan shi ne tattara alƙaluman wata-wata da ake turawa ma'aikatar lafiya, ba ita za ta riƙe maka famasi da kashiya da ɗakin kwanciya ba. Akwai masu zuwa da satifiket mai hatimi wai ma'aikata ta amince da su, ka ɗau waya ka tabbatar da kanka. Akwai masu kawo tsohuwar kwamfutar tebur 'yar gwanjo a rubuta mata farashin sabuwar saba, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da manhajar, da Windows na sata wanda ba ya karɓar gyaran tsaro, to ku tuna WannaCry, harin kutsen kwamfuta na Mayun 2017, ta irin wannan ɓarakar ta rashin sabunta Windows ya shiga asibitocin Ingila har aka soke ganin likita kusan 19,000. Akwai mai cewa yana ajiye kwafin bayanai kullum, ka ce ya dawo da kwafin jiya a kan wata kwamfutar kana kallo, a nan za ka ga ana sosa ƙeya.

Gwajin da ake yi maka a ofis ma yaudara ce, marasa lafiya biyar ne a ciki dole ta yi gudu. Kada ka yarda da cinikin biri a sama. Ka ce a ba ka sunan asibitin da ya shekara yana amfani da ita, ka je da kanka ranar Litinin da safe ba tare da mai tallan ba, kada ka tsaya a ofishin oga, ka gangara wajen mai rajista da nas ɗin dare da mai famasi, su ne za su gaya maka sau nawa take tsayawa.

Sai kuma ɓarnar cikin gida wadda ba a son faɗa. Wani lokaci wanda ya fi kowa zuga ka kan wani kamfani yana da kamasho a ciki. Wani lokaci kuma masu cewa manhajar ba ta aiki su ne waɗanda ta toshe wa hanyar rasit biyu da maganin da ke fita ta bayan gida, za ka ga waya ta tsinke ba dalili, firinta ta lalace kullum. Shi ya sa kowa da kalmar sirrinsa, ba a yarda mutum goma su shiga da suna ɗaya ba, kuma ka tabbata tana rubuta wa ya buɗe me, wa ya goge me, da ƙarfe nawa. Wannan ba son rai ba ne ma, dokar kare bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu tsananin sirri, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ma ta ɗora wa shugaban asibiti alhakin tsare fayil ɗin marasa lafiya. In sakamakon gwajin wata baiwar Allah ya fita ya shiga WhatsApp, hukumar kare bayanai ta NDPC ba yaron kwamfuta za ta nema ba, kai za ta nema.

Wa zai riƙe aikin? Ba ɗan kwangila ba, kuma ba ɗan hidimar ƙasa da zai tafi bayan shekara ba. Ka zaɓi likita ko babbar nas ko mai harhaɗa magani da ma'aikata ke jin maganarsa, ka ba shi kujera a taron gudanarwa da ikon cewa a'a, ka haɗa shi da ma'aikacin kwamfuta na dindindin. Gwamnatin Ingila ta faro gagarumin shirin haɗa asibitocinta a kwamfuta a 2002, ta narka kusan fam biliyan 10, a 2011 ta wargaza shi, kuma babban abin da aka yi ta zargi shi ne daga sama aka ƙaƙaba ba a tafi da likitoci da nas-nas ba. Kai ma ranka ya daɗe sai ka riƙa shigar da naka da hannunka, in oga na rubutu a kati ba wanda zai taɓa kwamfuta.

Maganar biya kuma, kada ka bayar duka a farko komai daɗin bakinsa. Kaso ɗaya in kaya sun iso ka duba su, kaso ɗaya in rajista da kashiya sun fara aiki, lab da famasi su biyo baya, ɗakin kwanciya a ƙarshe, a bar katin takarda a kusa na 'yan watanni saboda ko-ta-kwana. Kason ƙarshe ka riƙe shi sai ranar da aka damƙa maka babbar kalmar sirri a ambulan, ka sa wani daban ya gwada ta ta buɗe, aka kuma dawo da kwafin bayanan a gabanka.