Tamowa: a kwantar da yaro a asibiti, ko a yi jinya a gida?

A unguwannin Nima da Mamobi na birnin Accra, a Ghana, idan ma'aikaciyar lafiya ta auna damtsen yaro ta ga bai kai santimita 11.5 ba, tamowa ce mai tsanani. Hanya biyu ce a gaban uwa.

Ta farko, jinya a gida da kwaɓin gyaɗar nan na leda, abincin jinyar tamowa da ake kira RUTF. Ba a dafawa, ba a haɗawa da ruwa; a yaga leda yaro ya tsotsa, a ba shi tsaftataccen ruwan sha. Uwa tana sana'arta, sauran 'ya'ya na gabanta, tana kai shi awo a ranar da aka sa mata. Matsalar ita ce gidan haya mai yara da yawa: ledar mai jinya sai ta zama ta kowa. Wannan magani ne, don Allah a bar masa abinsa.

Amma sharaɗin jinya a gida shi ne yaro yana iya ci. In ya ƙi ledar, ko kumburi ya game jiki, ko ga zazzaɓi mai zafi da amai, sai hanya ta biyu, wato kwanciya, irin ta asibitin yara na Princess Marie Louise da ke Accra. Can ake farawa da F-75, madara ta musamman ta masu tamowa, kaɗan-kaɗan, dare da rana, saboda jikin da ya rame ba ya ɗaukar abinci mai nauyi farat ɗaya.

Ni dai na fi son gida, muddin yaro na ci. Jaririn da bai kai wata 6 ba kuwa, ba a ba shi ledar. Mahaifiyarsa ake taimaka wa ta gyara kamun nono, a kuma duba lafiyarta.