Gargaɗi ga masu shirin GMAT: ana sayar da darasin nahawun da aka riga aka cire daga jarrabawar

Wannan gargaɗi ne ga duk wanda yake shirin zana jarrabawar GMAT domin neman gurbin digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, musamman MBA, da kuma iyaye da 'yan uwa waɗanda sukan ɗauki nauyin kuɗin shirin. Akwai masu talla a Telegram da WhatsApp da Facebook da suke kiran kansu ƙwararrun malamai, suna sayar da abin da suka kira cikakken kundin sirrin nahawu da dabarun tunani, tare da alkawarin cewa wanda ya saya zai haura maki 700 cikin 'yan makonni. Sukan nemi a biya kuɗin gaba ɗaya kafin a ga ko shafi ɗaya na kundin, kuma ta hanyar da ba a iya dawo da kuɗi idan an tura, kamar kuɗin kirifto ko katin kyauta ko asusun wani mutum da sunansa bai yi daidai da na mai tallar ba. Abin da ya sa wannan damfara take cin mutane shi ne ta dogara ga tsohon bayani da har yanzu yake cike da intanet, kuma mai neman gurbi da bai bincika ba, zai ga kamar maganar tasu ta yi daidai da abin da ya karanta.

Gaskiyar lamarin ita ce jarrabawar ta sauya. Hukumar GMAC, wadda take da mallakar GMAT, ta fara gudanar da sabon tsari a ranar 7 ga Nuwamba 2023, sannan aka rufe tsohon tsarin a ƙarshen Janairu 2024. A sabon tsarin akwai sassa uku, kowanne minti 45: lissafi mai tambaya 21, fahimtar rubutu da tunani mai tambaya 23, da nazarin bayanai mai tambaya 20, wato tambaya 64 ke nan cikin awa biyu da kwata. An cire rubutun insha'i, an kuma cire tambayoyin gyaran jimla ɗungurungum, waɗanda su ne a da ake gwada nahawun Turanci kai tsaye da su, inda akan ja layi ƙarƙashin wani ɓangare na jimla a ce ka zaɓi mafi ingancin siga cikin biyar. Abin da ya rage a sashen harshe nau'i biyu ne kawai, karanta nassi a amsa tambayoyi a kansa, da auna ƙarfin hujja. Saboda haka duk wanda ya sayar maka da dokokin nahawu ɗari a kan cewa su ne mabuɗin GMAT ta yau, ko dai bai san jarrabawar da yake iƙirarin koyarwa ba, ko kuma ya sani ya ɓoye maka. Ko wanne ne a cikin biyun, bai cancanci kuɗinka ba.

Kada a fahimci maganar a karkace, ba cewa ake yi nahawu ya daina amfani ba. Wanda bai iya warware doguwar jimlar Turanci ya gane wane ne ya aikata kuma wace magana ce ta dogara ga wace ba, zai sha wahala a nassin karatu, kuma takardun neman gurbi da jarrabawar ƙwarewar harshe irin su IELTS da TOEFL suna buƙatar ingantaccen rubutu. Haka nan wata jarrabawar ta daban da GMAC take shiryawa domin manyan ma'aikata masu neman MBA na shugabanni, wadda ake kira Executive Assessment, tana ɗauke da gyaran jimla. Malamin kirki zai bambance maka waɗannan tun a zaman farko, ya tambaye ka wace jarrabawa makarantar da kake nema take karɓa. Ɗan damfara ba ya tambaya, domin kundi ɗaya yake da shi, tarin tsofaffin tambayoyi da aka kwafo daga littattafan da suka shuɗe aka sauya musu bango.

Alama mafi sauƙin ganewa tana cikin hotunan sakamakon da suke bazawa a matsayin shaida. Tsohon ma'auni yana farawa daga 200 ya ƙare a 800, kuma makin yakan ƙare da sifiri. Sabon ma'auni daga 205 ne zuwa 805, kuma kowane jimillar maki yana ƙarewa da lamba 5. An yi hakan ne da gangan domin a riƙa bambance sakamakon tsoho da na sabo. Ke nan idan aka nuna maka hoton sakamako mai maki 720 ko 750 alhali ranar jarrabawar da ke jiki ta zo bayan Janairu 2024, ba sai ka nemi wata shaida ba, jabu ne. Tsohon sakamako na gaske yana iya kasancewa da amfani har yanzu, tunda sakamakon GMAT yana aiki na shekara biyar, amma ranar da ke jikinsa dole ta kasance ta zamanin tsohon tsari. Ko alkawarin 700 ɗin kansa yana tona asirin mai yinsa, domin ma'aunan biyu ba ɗaya ba ne: bisa jadawalin kwatanci na GMAC, maki 645 a sabon tsari shi ne yake daidai da kusan 700 na da, kuma wanda yake koyar da jarrabawar da gaske ba zai jahilci wannan ba.

Sashen auna hujja ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin a nan ne ake yi wa mutane ƙaryar da ta fi daɗin ji. Sukan ce akwai dabarun da za su sa ka gane amsa ba tare da ka karanta hujjar ba, kamar a ce ka guji duk zaɓin da yake da kalma mai tsauri, ko ka ɗauki wanda ya fi tsawo. Irin waɗannan dabaru sukan dace a wasu tambayoyi masu sauƙi, sai mai saye ya ɗauka ya yi dace, amma masu tsara tambayoyin sun san da su, kuma da zarar tambaya ta yi wuya sai dabarar ta kai ka ga tarkon da aka ɗana. Abin da ake gwadawa shi ne ko za ka iya raba matsayar da marubuci ya cimma da dalilan da ya kafa, ka gano zaton da bai furta ba amma hujjarsa ta jingina a kansa, sannan ka faɗi abin da zai ƙarfafa ta ko ya raunana ta. Misali, a ce wani kamfani ya rage farashin kayansa a watan da cinikinsa ya ƙaru, sai manajan ya yanke cewa ragin ne ya jawo ƙaruwar. Zaton da ya ɓoye shi ne babu wani abin da ya sauya a watan, kuma da za a gano cewa babban abokin gasarsa ya rufe a daidai lokacin, hujjar ta rushe. Wannan ƙwarewa ce da ake samu ta yawan gwaji da komawa kan kowane kuskure a gano inda tunani ya kauce, ba a zuba ta cikin kundi a miƙa wa mutum.

Abin ban dariya shi ne tallar tasu kanta tambaya ce irin ta wannan sashe. Sukan rubuta cewa duk ɗalibansu da suka turo sakamako sun sami maki mai yawa, don haka darasinsu yana aiki. Sai mai karatu ya tambayi kansa: su wane ne suke turo sakamako? Wanda ya faɗi ba ya turowa, kuma idan ya yi ƙorafi a cikin zauren sai a goge saƙonsa a fitar da shi. Ba a kuma faɗi makin da waɗanda suka ci suke samu kafin su sayi kundin ba. Duk wanda ya iya ganin waɗannan ramuka biyu ya riga ya fara shirin jarrabawar, kyauta.

Mataki na biyu ya fi haɗari, kuma galibi bayan an karɓi kuɗin farko ake bijiro da shi. Za a ce maka akwai ainihin tambayoyin da suke fitowa a wannan watan, an samo su daga wani na ciki. Ya kamata a san cewa GMAT tana daidaita kanta da mai amsawa: kwamfuta tana zaɓo tambaya ta gaba bisa yadda ka amsa na baya, daga babban rumbu, ta yadda mutum biyu da suke zaune a ɗaki ɗaya ba jerin tambayoyi ɗaya suke gani ba. Babu wata takarda guda da za a sace a rarraba. Mafi yawan abin da ake sayarwa da wannan suna tsofaffin tambayoyi ne da GMAC ta riga ta wallafa, ko waɗanda aka ƙirƙira cike da kurakurai. Idan kuwa aka yi rashin sa'a wasu daga ciki na gaske ne, to a nan mai saye ya tashi daga wanda aka cuta ya koma mai laifi. An taɓa yin haka. A 2008 GMAC ta yi nasara a wata kotun tarayya ta Amurka a kan shafin Scoretop, wanda yake karɓar dala 30 domin nuna wa mambobinsa tambayoyin da ake amfani da su a lokacin. Kotu ta yanke diyyar sama da dala miliyan 2, hukumar ta karɓe shafin da rumbun bayanansa, ta bi diddigin masu amfani da shi, ta soke sakamakon mutum 84 ta kuma sanar da makarantun da aka aika wa sakamakon. Mai shafin ba shi ne ya rasa gurbin karatu ba, abokan cinikinsa ne.

Daga nan sai tayin sojan gona, wato wani ya zana maka jarrabawar. A cibiyoyin jarrabawa, waɗanda kamfanin Pearson VUE yake gudanarwa, ana duba takardar shaida, a ɗauki hoto, a kuma ɗauki hoton jijiyoyin tafin hannu a ƙasashen da doka ta yarda, kuma an kawo wannan ne saboda masu shiga da sunan wasu. Shi ya sa 'yan damfarar suka karkata ga jarrabawar da ake yi daga gida, inda suke cewa ka saka wata manhaja da za ta ba su damar sarrafa kwamfutarka daga nesa, kai kana zaune gaban kyamara kamar kana amsawa. A farkon 2022 'yan sandan birnin Delhi na Indiya sun kama gungun masu irin wannan sana'a, kuma GMAT tana cikin jarrabawar da suke zanawa. GMAC tana da ikon soke sakamako ko bayan an fitar da shi, ta hana mutum sake zama, ta sanar da makarantu, su kuma makarantu suna iya janye gurbin da suka bayar. Akwai kuma abin da mai tayin ba zai faɗa maka ba: ka ba shi hoton fasfonka, da kalmar sirrin asusunka, da ikon shiga kwamfutar da take ɗauke da bayanan bankinka, sannan ka bar masa rubutacciyar shaidar cewa ka nemi maguɗi. Ranar da ya ga dama zai dawo ya nemi ƙarin kuɗi, in ba haka ba ya aika wa makarantar, kuma ba ka da inda za ka kai ƙara ba tare da ka tona kanka ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Masu cewa za su ɗaga maka maki a rumbun hukumar, ko su buga maka takardar sakamako, ba su buƙatar dogon bayani. Makarantu ba sa dogara ga takardar da ɗalibi ya kawo, suna karɓar sakamako ne kai tsaye daga GMAC, kuma takardar da ba ta yi daidai da abin da ke can ba, hujja ce a kanka.

Rajista ma wuri ne da ake cutar mutane. Ana yin ta ne a shafin mba.com, mutum da kansa, kuma sunan da aka rubuta dole ya yi daidai da na takardar shaidar da za a nuna ranar jarrabawa, in ba haka ba a hana shi shiga kuma kuɗin ya tafi. Kuɗin ba kaɗan ba ne, domin lokacin da aka fara sabon tsari dala 275 ne a cibiya da dala 300 daga gida a Amurka, kuma yana bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Wanda ya ce zai yi maka rajista a rabin farashi ta wata ɓoyayyiyar hanya, abin tambaya shi ne da katin wa zai biya. Bugu da ƙari, damar zama ba ta da yawa, sau biyar ne a cikin wata goma sha biyu, da tazarar aƙalla kwana 16 tsakanin zama da zama, ga shi wa'adin neman gurbi ba ya jiran kowa, don haka watan da aka ɓata ana haddar dokokin gyaran jimla asara ce da ta wuce ta kuɗi.

Akwai malamai da kamfanonin shiri na gaskiya, kuma wasunsu suna bayar da lamunin ƙarin maki, amma nasu yana zuwa da rubutattun sharuɗɗa, da sunan kamfani da ake iya bincika, da darasin gwaji kafin biya, da hanyar biya da banki zai iya bin sawunta. Kafin ka ba kowa ko sisi, ka buɗe asusu a mba.com ka ɗauki kayan farawa na kyauta da GMAC ta tanada, wanda yake ɗauke da cikakkiyar jarrabawar gwaji guda biyu, ka zana ɗaya ka ga matsayinka a kowane sashe. Sannan ka tambayi mai tallar abu uku a rubuce: sassa nawa ne a jarrabawar yanzu, wane ne mafi girman maki, kuma daga ina tambayoyinsa suka fito. Idan ka riga ka tura kuɗi, ka adana hotunan hirar da shaidar biya, ka sanar da bankinka da gaggawa, ka kai rahoton asusun ga dandalin da aka yi tallar, ka sauya kalmomin sirrinka, ka cire duk manhajar da suka sa ka saka. Idan kuma sun aiko maka da abin da suka kira tambayoyin wannan watan, kada ka yi amfani da shi, kada ka tura wa wani, ka sanar da GMAC ta hanyar da ta tanada a shafinta domin rahoton maguɗi.