Daren da maƙwabciyata ta ƙwanƙwasa mini ƙofa saboda jita

Ƙanina ya daɗe yana roƙona in aiko masa da amfilifayar jita daga nan Jamus, kuma duk lokacin da muka yi waya maganarsa ɗaya ce: “Yaya, babba nake so, wadda za a ji ta har bayan unguwa.” Na yi ta jan ƙafa a kan wannan buƙata, domin wani abu ya same ni a wata na biyu da tarewata a Hamburg wanda ya sauya mini ra'ayi a kan amfilifaya, kuma ina so shi da sauran matasan da ke koyon jita a Agadas da Tawa da Yamai su ji labarin kafin in aika da komai.

Ranar wata Lahadi ce, wajen ƙarfe goma da rabi na dare. Na sayi wata ƙaramar amfilifaya ta hannu, na ajiye ta a ɗakina da ke hawa na uku, na rage murya har inda a ganina ko wanda ke bakin ƙofa ba zai damu ba, sannan na fara kaɗa abin da nake kaɗawa a gidajen biki tun ina saurayi. Ban yi minti ashirin ba aka ƙwanƙwasa. Da na buɗe sai na ga dattijuwar da ke zaune a ƙasan ɗakina, wadda za ta yi sa'ar mahaifiyata, riƙe da takardar dokokin gidan. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta ɗora yatsa a kan layin da aka rubuta ƙarfe 22, wato goma na dare, ta yi mini bayani a hankali kamar mai koya wa yaro karatu, sannan ta tambaye ni ko a ƙasarmu mutane ba sa barci ne. Wani maƙwabcin ya buɗe tasa ƙofar ya tsaya yana kallo. Jamusancina a lokacin bai wuce na ba da haƙuri ba, shi na yi ta maimaitawa har ta sauka. Bayan mako guda wasiƙar gargaɗi ta iso daga masu kula da gidan.

Ni da ake aiko wa mota a ɗauke ni zuwa biki, ake yi mini liƙi har kuɗi su rufe tabarma, na wayi gari jitata ta zama abin kai ƙara. Na yi mako bakwai ban taɓa ta ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne da na bincika sai na tarar matar tana da gaskiya. A nan, daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe lokacin hutu ne da doka ta tsare, Lahadi kuma ana son shiru yini guda, wasu gidajen ma suna ƙara awa biyu da tsakar rana. Ba su hana kiɗa ba: a shekarar 2018 babbar kotun tarayya da ke Karlsruhe, a shari'ar wani mai busa ƙaho da maƙwabtansa, ta ce yin kiɗa a gida haƙƙin mutum ne, ta kuma ba da ma'auni na awa biyu zuwa uku a ranakun aiki, awa ɗaya zuwa biyu a Lahadi da ranakun hutu, ban da lokutan barci. Wato an auna haƙƙin makaɗi, an auna na mai barci, kowa ya san iyakarsa. A cikin makonnin nan bakwai na riƙa tuna tsohon da katangarsa ke jingine da ɗakin da muke gwaji a gida, wanda ke tashi tun kafin kiran assalatu, da mai jegon da ke bayanmu. Shekara da shekaru muna kunna janareto muna ƙure murya har tsakar dare, babu wanda ya taɓa ƙwanƙwasa mana ƙofa, saboda kara da kunya suka hana su, mu kuma muka ɗauki shirunsu a matsayin yarda.

Wani abokin aikina ne ya kai ni wani shagon kayan kiɗa a cikin gari. Na yi wa mai sayarwa bayanin matsalata, ya zaunar da ni a kujera, ya miƙo mini jita da hedifon, ya jera na'urori huɗu a gabana, uku daga cikinsu ba su wuce girman kwalin ashana biyu ba, ya koma wajen aikinsa. Na yi kusan awa biyu ina gwadawa, bai zo ya tsaya a kaina ba, bai tambaye ni ko da kuɗi na zo ba. Na tuna wata feda, wato na'urar sauya muryar jita da ake takawa da ƙafa, da na taɓa saya a kasuwa a gida, wadda mai shago ya hana ni ko buɗe kwalinta, da na kai ta gida ta ƙi kamawa ya ce kaya in ya fita ba ya dawowa. Mun saba da cinikin biri a sama har mun daina ganin aibinsa. A nan doka ta ba wanda ya sayi kaya ta intanet kwana 14 ya mayar ba tare da ya faɗi dalili ba, sabon kaya kuma yana da garanti na shekara biyu, babban kamfanin sayar da kayan kiɗa na Thomann ma ya ƙara zuwa kwana 30 da shekara uku.

Aikin waɗannan na'urori shi ne kwaikwayon muryar manyan amfilifayoyi. A mafi yawansu, sautin da ya fito daga jita ana mayar da shi lambobi, ƙaramar kwamfutar da ke ciki ta lissafa yadda wata sananniyar amfilifaya da akwatin lasifikarta za su sarrafa shi, sannan ta zuba maka sakamakon a kunne. Kamfanin Line 6 ne ya yaɗa wannan dabara da jar na'urarsa mai siffar wake, POD, a 1998, daga nan kuma abin ya yi ta ƙanƙancewa har ya kai ga shiga aljihu.

Ta farko da na gwada ita ce Vox amPlug, wadda ake cusawa kai tsaye a ramin jita, tana cin ƙananan batura biyu. Ita ba lissafin kwamfuta take yi ba, kuma kowace guda muryar amfilifaya iri ɗaya take bi, don haka wanda ya sayi mai kwaikwayon amfilifayar Vox AC30 da ita zai zauna. Ta fi sauran araha da sauƙin aiki, amma na gaji da ita da wuri. Fender Mustang Micro, wadda ta fito a 2021, ita ce ta tsayar da ni: muryar amfilifaya 12, haɗin sauti 12, batir na ciki mai kai wajen awa huɗu, kuma tana karɓar waƙa daga wayar hannu ta Bluetooth ka bi ta da kiɗa. Muryarta mai tsabta, in aka ɗora mata 'yar amsa-kuwwa, ta yi kusa ƙwarai da sautin da muke nema a gida. Abin da ya dame ni da ita shi ne ba ta da allo, launin 'yar fitila ne kawai ke gaya maka inda kake, sai ka haddace ko ka riƙa duba takarda, kuma babu abin saita tsirkiya a cikinta. Sai a sabon samfurin 2024 aka ƙara waɗannan biyun. Boss Katana:Go ta fi ta yawan kaya, da nau'in sauti sama da 60, sai dai mafi yawan gyaran a manhajar waya ake yinsa, ni kuwa ba na son in ajiye jita in ɗauki waya kowane minti biyar. Dukkansu sai da hedifon mai igiya, domin marar igiya yana jinkirta sauti tsakanin yatsa da kunne.

Ta huɗun, Zoom G1X Four, ba ta shiga aljihu, a ƙasa ake ajiye ta a taka da ƙafa. Tana da feda, tana haɗa sauti har iri biyar a lokaci guda, tana da salon ganga 68, tana kuma naɗar daƙiƙa 30 na kiɗanka ta yi ta maimaitawa. A cikin gangunan nan ban samu wanda ya zauna daidai da kiɗanmu ba, na Turawa ne da na Latin Amurka suka fi yawa, don haka sai in danne tsirkiya in naɗi bugun da kaina, in hau kansa.

Mustang Micro na saya wa kaina a kan kusan yuro 100, wato jika 65 da 'yan kai. A daren farko da na sa ta a kunne na ji abin da ban taɓa ji ba cikin shekara goma sha biyar ina kiɗa: yatsana na uku yana isa a makare, wata tsirkiya tana kuka a ƙarƙashin wadda nake kaɗawa, ina kuma gudu in bar bugu a baya duk lokacin da kiɗa ya yi daɗi. Ƙarar amfilifaya da ta janareto da guɗar mata sun rufe mini waɗannan kurakurai tsawon shekaru, kuma babu wanda ya gaya mini, domin a wurinmu wanda ya fi ƙara shi ake kira gwani. Yaro bai gama iya riƙe jita ba ya fara neman amfilifaya mai ƙarfin wat ɗari. Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan Nijar wanda yanzu duniya ke saurare, da wayar birkin keke ya yi tsirkiyar jitarsa ta farko, babu amfilifaya ko ɗaya a kusa da shi.

Ga ƙanina kuwa Zoom ɗin na zaɓa, ko da yake ta fi nauyi a jaka. Tana aiki da batura huɗu irin na rediyo, waɗanda ake samu a kowane tebur, saɓanin batir na ciki da zafin bazara ke gajiyarwa, wanda kuma mai shi ba ya iya canzawa da kansa, balle a ranar da aka ɗauke wuta babu inda za a yi caji. Ranar biki yana iya haɗa ta da kowace lasifika da aka yi haya. Zan haɗa masa da hedifon mai kyau da jakar da za ta kare ta daga ƙurar hunturu, kuma na riga na gaya masa ya je ya gaishe da tsohon nan na bayan katanga a madadina.

Makon jiya na haɗu da dattijuwar a kan matakala, na karɓar mata kayan cefane na kai mata bakin ƙofa. Ta tambaye ni ko na daina kiɗa ne. Na ce mata kowane dare ina yin awa biyu, wani lokaci har ƙarfe ɗaya, ta ce ba ta jin komai, ta yi mini godiya. Na hau sama na sa hedifon na kaɗa waƙar da muke rufe biki da ita a gida, wadda yara ke hawa katanga su ji, mata su amsa daga cikin gida, na kai ƙarshenta na cire hedifon, ɗakin yana nan shiru, sai ƙarar firiji.