Akwatin tubalan lissafi a aji huɗu: ya yi aiki a kwatanta lambobi, ya gaza a kusantar da su

A farkon zangon karatu na biyu na sayi akwati ɗaya na tubalan lissafi a wani kantin littattafai da ke Sabon Gari a Kano, da kuɗin aljihuna, domin na gaji da jin ɗalibaina 'yan aji huɗu suna cewa 98 ta fi 102 girma. Hujjarsu kuwa ba ta rashin tunani ba ce: tara ta fi ɗaya, takwas ta fi biyu, don haka a ganinsu magana ta ƙare. Abin da ya ɓace musu shi ne darajar gurbin da kowace lamba ta zauna a kai, kuma na sha bayyana hakan a kan allo ba tare da ya zauna ba.

Irin waɗannan tubala ana danganta su ga Zoltan Dienes, masanin lissafi ɗan asalin ƙasar Hungary, kuma tsarinsu bai da wuyar ganewa. Akwai 'yar ƙwaya mai faɗin santimita ɗaya da ke wakiltar ɗaya, da sanda mai ƙwaya 10, da faranti mai ƙwaya 100, sai babban curi mai wakiltar 1000. A akwatin da na saya na tarar da ƙwaya 100, sanda 30, faranti 10 da curi guda, tare da katunan lambobi daga 0 zuwa 9. Robar tana da ƙwari, yara sun taka ta sun jefar da ita ba ta fashe ba, kuma tsagin da ke jikin kowace sanda a fili yake, har yaro yana iya bi da farce ya tabbatar da kansa cewa goma ce cif. Takardar bayanin da ta zo da shi ce ba ta amfane ni ba, domin da Turanci kaɗai aka rubuta ta, kuma duk ayyukan da ke cikinta na yaro ɗaya ne zaune a teburinsa, alhali ni yara 62 nake koyarwa, huɗu-huɗu a benci.

Saboda haka ni na tsara yadda za a yi aikin a rukuni. Na mayar da kowane benci rukuni guda, na ba kowane yaro aikinsa: ɗaya yana jan katuna ya haɗa lambobi biyu, biyu suna gina lambobin da tubala, na huɗu kuma shi ne alƙali, yana rubuta alamar "ta fi", "ba ta kai ba" ko "daidai suke" bayan dukansu sun amince. Bayan kowane zagaye sai su yi musayar aiki. Na kuma ɗauki wata dabara da malamin nan ɗan Amurka, Spencer Kagan, ya yaɗa, inda ake ba 'yan rukuni lamba daga ɗaya zuwa huɗu, malami ya kira lambar da ya ga dama, wanda ta faɗa kansa ya yi bayani a madadin kowa. Wannan ya hana mai ƙoƙari ya yi aikin shi kaɗai sauran suna kallo, tunda ba wanda ya san wa za a kira.

A nan ne tubalan suka biya kuɗinsu. Wata rana wata yarinya ta gina 305 da faranti uku da sanda biyar, kafin in ƙaraso bencin sai na ji abokiyar zamanta tana cewa, "Ke, waɗannan ai sanduna ne, hamsin ke nan kika ajiye." Yarinyar ta dubi tubalan, ta janye sandunan, ta ƙirga ƙwaya biyar ta ajiye, sannan ta ce, "Malam, ashe gidan gomomin ba kowa." Na shafe makonni ina faɗin ma'anar sifilin da ke tsakiya, amma sai da ta ga gurbin a wofi, kuma ta ji gyara daga bakin tsararta, sannan ta kama. Rikicin 98 da 102 shi ma bai daɗe ba, domin da zarar an ɗora sanda tara da ƙwaya takwas a kan faranti, ido yana ganin ba su rufe shi ba.

Da muka shiga kusantar da lamba zuwa goma ko ɗari mafi kusa, sai akwatin ya nuna iyakarsa, har ma ya so ya ɓatar da yara. Idan an gina 47 da sanda huɗu da ƙwaya bakwai aka ce a kai ta goma mafi kusa, abin da hannu ke yi da sauri shi ne kwashe ƙwayoyin a bar sanduna, sai rukuni bayan rukuni su kawo mini 40. Tubalan suna nuna abin da lamba ta ƙunsa, amma ba sa nuna tazarar da ke tsakaninta da maƙwabtanta, kuma wannan tazarar ita ce darasin gaba ɗaya. Sai da muka fita tsakar makaranta na ja layi da toka, yaro ɗaya ya tsaya a 40, wani a 50, mai riƙe da 47 ya nemi wurinsa, sauran 'yan rukuni suka ƙirga taku zuwa kowane gefe. Taku bakwai a baya, uku a gaba, babu sauran gardama. A kan layin ne kuma na iya gaya musu gaskiya game da 45, cewa tsakiya take daidai, kuma kai ta 50 ƙa'ida ce da aka amince da ita. A kansa ne suka gane kuskuren kai 249 zuwa 250 sannan zuwa 300, alhali ta fi kusa da 200.

Abin da ya ƙara taimaka mini ba a akwatin yake ba, a bakin yaran yake. Bahaushe ya daɗe yana cewa "ashirin ba ɗaya" ko "talatin ba biyu", kuma kowane yaro ya san "ƙarfe uku saura minti biyar". Da na tambaye su me ya sa kakanninsu suke kiran 29 talatin ba ɗaya, da kansu suka ce domin ta kusa talatin.

Ga malamin da ke tunanin saye, ya sani cewa akwati ɗaya ba ya wadatar da fiye da rukuni biyu idan ana aiki da ɗaruruwa, tunda faranti goma ne kawai. Ni sai na riƙa zagayawa da shi, sauran benci suna aiki da tsinken tsintsiya da aka ɗaure goma-goma da zare, kamar yadda ake yi a tsarin koyarwa na ƙungiyar Pratham ta Indiya, kuma ga lambobin da ba su wuce 99 ba tsinken bai kasa robar da komai ba. Ina ganin ya cancanci saye idan makaranta ce za ta biya, ta sayi aƙalla huɗu, a kuma naɗa yaron da zai ƙirga kayan kafin a tashi. Ƙwayoyin ƙanana ne ƙwarai, suna shigewa ramukan daɓe da aljihun yara, bai kuma dace a bar su kusa da 'yan aji ɗaya masu kai abu baki ba. Zuwa ƙarshen zango 83 suka rage mini cikin 100, da na koma kantin neman cikon su aka ce ba a sayar da su daban, sai dai in sayi sabon akwati.