Sharhi kan aikin wani mai gyaran kwamfuta a Gusau: haɗin intanet da ba ya riƙe kalmar sirri

Duk wanda ya saba kai kwamfuta wurin masu gyara a Gusau ya san maganin da aka fi rubuta wa kowace cuta, wato a goge komai a sake zuba Windows. Na rubuta wannan sharhi ne saboda wani matashi mai shago a Tudun Wada ya gyara mini matsalar da ta daɗe tana damuna ba tare da ya goge ko takarda ɗaya ba, kodayake akwai wuraren da aikinsa bai gamsar da ni ba, kuma zan faɗe su.

Kwamfutar da ake magana a kanta ta tebur ce, wadda aka riga aka yi amfani da ita, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai, tana ɗauke da Windows XP, kuma da ita muke buga takardu a shagonmu. Muna shiga intanet da modem na USB, amma ba ta manhajar da ta zo da shi ba, domin tana yi wa tsohuwar na'urar nauyi. Muna amfani da hanyar buga lamba ta Windows kanta, wadda aka gada tun zamanin layukan tarho na NITEL da modem mai gudun kilobit 56, inda taga ke buɗewa ta nemi sunan mai amfani da kalmar sirri kafin ta kira lambar. Matsalar ita ce kalmar sirrin ba ta zama. A ƙarƙashin gurbin da ake rubuta ta akwai ɗan akwatin da ake dannawa domin a adana ta, amma a tamu kwamfutar akwatin ya dushe, ba ya dannuwa ko kaɗan. Saboda haka duk lokacin da layi ya yanke, ko aka ɗauke wuta aka tayar da janareta, sai an sake rubuta doguwar kalma mai haɗe da haruffa da lambobi, kuma idan yaron shago ya kuskure harafi ɗaya sai kuskure mai lamba 691 ya fito alhali mai takarda yana tsaye yana jira.

Kafin wannan matashi, wani mai gyara ya ce batirin da ke kan allon kwamfutar ne ya mutu, ya canza shi ya karɓi kuɗinsa. Wannan ƙaramin batiri agogo da saitin BIOS, wato saitin da na'urar ke tashi da shi, yake riƙewa, ba shi da alaƙa da kalmar sirrin intanet, don haka babu abin da ya canza.

Abin da ya fara burge ni da na biyun shi ne tambayoyinsa. Bai taɓa na'urar ba sai da ya ce, "Alhaji, akwatin ne ba ya dannuwa, ko kuwa kuna dannawa amma gobe ku tarar ta ɓace?" Na ce masa, "Injiniya, ai duk ɗaya ne, ba ta zama." Ya ce ba ɗaya ba ne, domin na farko alama ce ta cewa an hana adanawa da gangan, na biyu kuwa alama ce ta cewa ana adanawa amma wani abu yana sharewa, ko kuma ana shiga kwamfutar da asusun wani mai amfani dabam. Ya kuma tambaya ko kuɗin layinmu bai ƙare ba, saboda a cewarsa kuskure na 691 ba ya nufin an rubuta kalma ba daidai ba kawai: ma'anarsa ita ce ɓangaren kamfanin intanet ya ƙi amincewa da mai kira, kuma hakan kan faru idan rajistar mutum ta ƙare. Ya bambanta mini shi da 680, wanda ke fitowa idan modem bai ji sautin layi ba, da 678, wanda ke nufin an kira ba a amsa ba.

Daga nan ya yi abin da ban taɓa ganin wani mai gyara ya yi a gabana ba. Ya fara da ajiye madogarar dawo da tsarin kwamfutar, wadda XP ke da ita, domin idan gyaran ya ɓaci a koma yadda ake. Sannan ya buɗe rumbun saitin Windows da umarnin regedit, ya bi rassa har ya isa sashen RasMan, wato hidimar da ke kula da haɗin buga lamba, ya shiga reshen Parameters. A nan ya nuna mini da bakin biro wani layi mai suna DisableSavePassword, da lamba 1 a gabansa. Ya bayyana cewa ma'aikatu da kamfanoni sukan sa wannan layi a kwamfutocinsu domin kada ma'aikaci ya adana kalmar shiga, gudun kada wanda ya sace na'urar ya samu hanyar shiga cibiyarsu. Tamu kuwa ta zo ne da Windows ɗin da tsofaffin masu ita suka bari, dokarsu kuma ta biyo ta har Zamfara. Ya mayar da lambar 0, ya kashe kwamfutar ya kunna, akwatin ya fito sarai yana dannuwa.

A nan ne na gane darajar haƙurinsa. Da an goge an sake zuba Windows, lalle matsalar za ta tafi, domin layin zai tafi tare da komai, amma da mun rasa tsarin firinta, da haruffa masu ƙugiya da aka sha wahalar sa mana domin buga Hausa, da samfuran wasiƙu na shekaru. Ba a ƙona rumbu don ɓera ɗaya.

Aikin bai ƙare a nan ba, kuma sashe na biyu ya fi amfani ga mafi yawan masu karatu, domin ba kowa ne zai tarar da wancan layi a na'urarsa ba. A XP, idan an danna akwatin adanawa, zaɓi biyu ne ke ƙarƙashinsa: a adana wa mai wannan asusu shi kaɗai, ko a adana wa duk mai amfani da kwamfutar. Ni da yaron shago kowa da asusunsa, saboda haka da an zaɓi na farko, ni zan ga kalmar ta zauna, shi kuwa zai ci gaba da ganin gurbi babu komai, mu koma zargin gyaran. Ya zaɓi na biyu daga asusuna, wanda ke da ikon gudanarwa, ya fita ya shiga na yaron ya gwada a gabanmu. Ya kuma nuna mana cewa idan kalma ta adanu, XP ba ya nuna ta, sai dai ya rubuta a gurbin cewa a danna nan idan ana son canzawa, don haka kada wani ya ga babu ɗige-ɗigen da ya saba gani ya ɗauka ta ɓace ya sake rubutawa.

Na tambaye shi game da wata tsohuwar kwamfuta mai Windows 98 da ke gidan ƙanena, wadda ita ma take da irin wannan hali, ya ce tata cutar dabam ce. A Windows 95 da 98 kalmomin sirri suna zama ne a wani fayil mai ƙarshen .pwl a cikin jakar Windows, mai ɗauke da sunan wanda ya shiga. Idan mutum ya saba soke tagar shiga da ke fitowa lokacin kunnawa, kwamfutar ba ta san ko wane ne ba, don haka ba ta da inda za ta ajiye masa komai, akwatin kuma sai ya dushe. Idan kuma fayil ɗin ya lalace, sai a canza masa suna, a sake kunnawa, a shiga da suna, Windows ta ƙirƙiri sabo. Ya ƙara da cewa a waɗannan tsofaffin sai haɗin ya yi nasara sau ɗaya kafin kalmar ta adanu. Ƙanena ya bi wannan bayani ta waya, kuma ya yi masa aiki.

Sai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Ya yi alkawarin zuwa bayan azahar, bai iso ba sai da aka kusa kiran magariba, bai kuma kira ya sanar ba. Wannan ƙarami ne. Babba shi ne bai ce komai ba game da haɗarin abin da ya buɗe. Waɗanda suka sa wancan layi ba su yi don wasa ba: kalmar da aka adana wa kowa tana nufin duk wanda ya zauna gaban kwamfutar zai iya cinye mana data, kuma akwai ƙananan manhajoji da ke iya fito da kalmar da aka adana ga wanda ya samu ikon gudanarwa. A shagon da baƙi ke zama su gyara takardunsu da kansu, ya kamata mai gyara ya faɗi wannan kafin ya canza lambar, ya bar mai shago ya zaɓa. Sai da na tambaya sannan ya amsa cewa haka ne, ya ba da shawarar a sa wa asusuna kalmar shiga mai ƙarfi, a rage ikon asusun yaron. Haka nan bai ambaci cewa Microsoft ta daina fitar wa XP gyaran tsaro tun watan Afrilun 2014 ba, alhali wannan ya shafi duk mai haɗa irin wannan na'ura da intanet. Kuma da ya gama ya zaro filashinsa zai zuba mana wata manhajar share datti a matsayin kyauta, na hana, domin filashin da ke yawo daga kwamfuta zuwa kwamfuta shi ne babbar hanyar ƙwayoyin cuta a shaguna irin namu.

Kuɗin da ya karɓa bai kai abin da ake karɓa a sake zuba Windows ba, kuma bai yi ciniki mai tsawo ba. Bai ba da rasit ko rubutaccen bayanin abin da ya canza ba, ni ne na rubuta sunan layin a littafin shago saboda wanda zai taɓa na'urar nan gaba.

Tun bayan gyaran kalmar ta zauna, ko an ɗauke wuta ko an kashe da kyau. Abu ɗaya da ya rage shi ne idan aka cire modem aka sa shi a wata kafar USB dabam, Windows kan ba shi sabuwar lambar tasha, haɗin kuma ya riƙa neman tsohuwar ya ƙi kira. Da na kira shi a kan wannan ya ce ba batun kalmar sirri ba ne, a mayar da modem kafar da yake ko a sake zaɓarsa a cikin saitin haɗin, don haka muka manna wa kafar farar salatif domin yaron shago ya daina canzawa.